Layi Huɗu na Malam Gwani

Malam Gwani ya rubuta yadda ake girka manhajar Apache, wadda ke sa kwamfuta ta riƙa nuna shafin yanar gizo ga masu nema, a kan tsarin kwamfuta na Linux cikin layi huɗu kacal, ya miƙa wa yaronsa Ɗan Koyo, sannan ya tafi sallar Azahar. Da ya dawo sai ya tarar da yaron ya harɗe yana murmushi.

Ɗan Koyo: Ranka ya daɗe, aiki ya kammala, kuma na'urar ba ta ce uffan ba, kai kuwa ka koya mini cewa a Linux shiru alamar nasara ce.

Gwani: To, me ya hana shafin buɗewa? Kai, har da alamar # ka kwafa? Na sa ta ne domin ka gane cewa da ikon root, wato na babban mai kula da na'ura, ake ba da umarnin, amma duk layin da ya fara da ita na'ura tana ɗaukarsa sharhi ne, ta tsallake shi.

Ɗan Koyo: Ashe shirun na raini ne. Ga shi na cire ta, yanzu kuma ta ce ba ta san wani mai suna apt ba.

Gwani: Ta yaya za ta san shi alhali Rocky Linux 9 ce a gabanka? Apt umarnin girka manhaja ne na gidan Debian da Ubuntu, wasu nau'o'in Linux daban. A nan dnf ake kira, kuma manhajar da suke ce wa apache2 a can, a nan sunanta httpd. Ai kowa ya san wannan.

Ɗan Koyo: Ranka ya daɗe, da kowa ka rubuta wa takardar, da ba ni ka miƙa wa ba.

Gwani ya ƙara layi biyu yana gunaguni. Manhaja ta sauka, ta tashi, amma da aka gwada daga wata kwamfutar shafin ya ƙi fitowa.

Gwani: Katangar tsaro ce, wato firewalld. Sai an buɗe ƙofa ta 80, da ta 443 idan ana son https.

Ɗan Koyo: A wane layi aka faɗi haka?

Gwani: Yana cikin kaina.

Ɗan Koyo: Kan naka kuwa da shi ka tafi masallaci.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, na'ura ta dawo, shafi bai dawo ba, domin takardar ta ce systemctl start, wato umarnin tayar da manhajar, ba ta ambaci enable ba, wanda shi ne ke sa manhajar ta tashi da kanta bayan an sake kunnawa. A Ubuntu ɗin da Gwani ya saba da ita, girkawa kaɗai ke yin wannan aikin.

Gwani: Kawo biro. A sama zan rubuta irin Linux ɗin da lambarta, kowane umarni kuma a layinsa, ba alama a gaba, a ƙarƙashinsa in nuna abin da ya kamata mutum ya gani a allo.

Ɗan Koyo: Layi nawa ke nan yanzu?

Gwani: Goma sha tara, kuma kada ka gaya wa kowa.