An dasa wa yaro na'urar ji, an bar iyaye da wahala

Abin da ke ƙona rai a harkar dashen na'urar ji shi ne yadda ake nuna wa iyaye kamar da an fito daga ɗakin tiyata shi ke nan. Wallahi ba haka ba ne. Likita ya zura siririyar waya can cikin kunne, a gurbin nan mai siffar dodon koɗi, ya ɗinke. Yaron bai ji komai ba tukuna. Sai rauni ya warke, mako 2 zuwa 4, a maƙala masa ɓangaren waje, mai ɗauko sauti, a kunna, kuma ko a ranar hayaniya ce kawai ke shiga kansa, bai san ma'anarta ba.

Daga nan aikin yake farawa, kuma daga nan ake watsar da mutane. Dole a riƙa komawa saiti, sau da yawa a shekarar farko, ana daidaita ƙarfin lantarkin da kowace tashar wayar ke aika wa jijiyar ji. In ya yi yawa, yaro ya yi ta ƙifta ido, yana kuka, yana fizge na'urar. In ya yi kaɗan, "s" da "sh" su wuce shi. Amma sai a ba uwa ranar dawowa bayan wata da watanni, mai koyar da magana kuwa babu shi. Haba! Ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara biyu za ta tsaya jiran layi ne?

Ga kayan gyara. Batir mai lamba 675 kwana 2 ko 3 yake yi. Igiyar da ta haɗa na'urar da faifan da ke manne a kai ita ce ke yawan tsinkewa, zufa kuma na kashe makirfo in ba a kwanar da na'urar cikin akwatin busarwa ba. Maganaɗisun da ke riƙe faifan a kai in ya fi ƙarfi, fata ta yi ja har ta zama gyambo. Wa ya zaunar da iyaye ya faɗa musu waɗannan kafin su sa hannu? Wasu ko rigakafin sanƙarau da ya kamata a yi wa yaro kafin aikin ba a tuna musu.

Bayan 'yan shekaru kamfani ya daina yin kayan tsohon samfuri. Igiya ɗaya ta lalace, yaron da ya fara cewa "Mama" ya koma shiru, na'urar na cikin kansa lafiya ƙalau.