Samari, mu yi maganar sharar gidajenmu

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman mu na cikin garin Kaduna. Maganar shara zan yi yau, kuma na san wani daga ganin kalmar zai wuce, to dan Allah ɗan uwa ka tsaya ka karanta.

Kwanaki yaron da ke kwashe mana shara a layinmu nan Tudun Wada, almajiri ne bai wuce shekara 12 ba, ya shigo da hannu ɗaure da tsumma jini ya rine shi. Na ce masa malam me ya same ka, yace kwalba ce ta yanke shi a cikin buhu, ya hango gorar lemo guda biyu ya cusa hannu zai ciro. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin daren jiya ni da hannuna na share fasasshen kofin gilashi na juye a buhun nan, ban ko kawo komai a raina ba. Na kai shi kemis aka wanke aka yi masa allura, amma har yau abun yana damuna. Gora biyu fa. Da a gefe na ajiye masa su, gilashin kuma na naɗe shi daban, da babu abin da zai same shi.

Tun ranar na fara lura da abin da muke zubarwa, sai na ga ashe abun da muke kira shara ba abu ɗaya bane, mu ne muke cakuɗa shi ya zama ƙazanta. Ka zazzage bokitin sharar gidanku ka duba da idonka. Mafi yawa ɓawon doya ne da na dankali, ganyen da aka tsince na miya, ruɓaɓɓen tumatir, ragowar tuwo, sharar tsakar gida, kashin awaki. Wannan duk taki ne. Sai gorar ruwa, gwangwanin madara, gwangwanin lemo, kwali, tsohon bokitin roba, wannan kuma kuɗi ne, akwai masu yawo suna nema. Abin da ya rage, wanda shi ne sharar gaske, ɗan kaɗan ne. Amma da zarar an haɗa su a buhu ɗaya an watsa ruwan miya a kai, kwalin ya jiƙe ba mai saye, takin ya cika da leda ba mai so, cikin kwana biyu wari ya tashi ƙuda ya taru ɓera ya samu gida.

Saboda haka abin da nake roƙonku ba wani babban abu bane, buhu uku ne ko tsofaffin bokitin fenti uku a gefen gida. Ɗaya na mai ruɓewa, ɗaya na mai sayuwa, ɗaya na zubarwa. Ba sai an sayi wani kwandon shara mai launi irin na Turai ba.

Bari in ɗan tsaya a kan mai ruɓewar nan domin a nan asararmu ta fi yawa. Kowa ya san yadda buhun takin zamani ya yi tsada a 'yan shekarun nan, manomi na kuka, mu kuma kullum muna biyan yaro ya kai taki bola. Iyayenmu ba haka suke ba, juji ake tarawa a bayan gida, rani na yi a kwashe a kai gona a kan jaki, har yau ma idan ka lura da rani manoman gefen gari suna sayen ƙasar bola a mota su zube a gonakinsu. Matsalar ita ce bolar yanzu ba irin ta da bace, ka shiga irin wannan gonar za ka ga leda fari da baƙi kamar ita aka shuka, ga fasasshiyar kwalba tana jiran ƙafar mai noma, ga batir yana narkewa cikin ƙasar da za a shuka alayyahu a kawo mana kasuwa mu ci.

Yin takin a gida ba wuya. Ka samu tsohon duro ko babban bokiti ka huhhuda shi ta ƙasa da gefe don iska ta riƙa shiga, in kuma kuna da fili ka haƙa ɗan rami a inuwa. Ka zuba ɗanyen kaya, wato ɓawo da ganye, sai ka rufe da busasshe kamar busasshen ganyen bishiya ko ɓuntun shinkafa ko garin katako na wurin kafinta, ka ɗan barbaɗa ƙasa, haka haka kana jerawa. In akwai kashin kaji ko na awaki ka haɗa, yana sa shi saurin nuna. Ya kasance da danshi kamar tsumman da aka matse, kar ya yi caɓa caɓa kar kuma ya bushe ƙayau, duk sati ka juya shi da shebur. In ka ji yana wari to ruwa ya yi yawa ne ko iska ba ta shiga, ƙara busasshe ka juya. In ka sa hannu a tsakiya ka ji ɗumi kar ka tsorata, aiki yake yi. Banda nama da ƙashi da mai, su ke jawo ɓera da karnuka, toka kuma kaɗan ake sawa. Wata biyu zuwa uku za ka ga ya koma baƙar ƙasa mai ƙamshi irin na ruwan farko. Ni yanzu a buhu huɗu na shuka tattasai da yakuwa da shi a bayan ɗakina. Wanda ke gidan haya ba fili, ɓawon nan mai kiwon awaki a layinku zai karɓa da godiya, ƙanzo da ragowar tuwo kuma a shanya, akwai masu saye don dabbobi.

Maganar mai sayuwa kuwa, ɗan Kaduna ne za a yi wa bayani? Muna da Panteka a garin nan, inda tsohon ƙarfe da dalma ke komawa tukunya da murhu da ludayi. Mata masu zoɓo da kunun aya suna neman gorar roba kullum, sai dai a wanke ta sosai tunda abin sha za a zuba. 'Yan gwangwan suna auna ƙarfe da roba a sikeli su biya. A 2011 a ƙauyen Sabon Yelwa nan kusa da mu aka gina gida sukutum da gorunan roba da aka ɗura wa yashi, dubbai, har kafafen labarai na waje suka zo kallo. Ba ina cewa za ka yi arziki da gorar gidanku ba, amma ko ba ka so kuɗin, ka tara ka miƙa wa mai nema a bushe a tsabtace, ka hutar da shi tonon bola da hannu. Kuma dan Allah mu daina kallon banza ga 'yan jari bola, na san akwai ɓata gari a cikinsu masu cire waya da murfin kwalbati, wannan sata ce kuma dole a hana, amma da yawansu halal suke nema cikin rana, aikin da ya kamata mu yi a gida shi suke yi mana a kan juji.

Leda ita ce babbar fitina, musamman ta fiya wata. Mu matasa mun fi kowa laifi a nan, a sha ruwa a cikin Keke a wurgo ta taga, a majalisa a sha a yar a ƙasa, alhali kwata na nan a gabanmu. Ita ba ta ruɓewa, tana nan shekara da shekaru. Ruwan Agusta na sauka ta toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakin mutane, wanda ya samu hanya kuma ya kwashi komai ya kai Kogin Kaduna, ku tambayi mutanen Kigo Road da sauran unguwannin bakin kogi abin da damina take musu. Sannan wannan al'adar ta jiran a fara ruwan sama a fito da shara a juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita, ina zai kai ta? Gidan wani ne a ƙasanku. Annabi (SAW) yace kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, to wanda ya ɗebo cutar ya zuba a hanya fa? Ku tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbin akuya da saniya, leda ce dunƙule guda, dabba ta yi ta ramewa mai ita bai san dalili ba. Ƙona ta ma ba mafita bace, hayaƙin roba guba ne, lokacin hunturu da yamma wasu layukan ko numfashi ba ka iya yi, ga jarirai ga tsofaffi ga masu asma. In an aike ka cefane ka riƙe jaka ko bokiti, mai shago zai sa maka maggi na naira ɗari a leda kace barshi.

Buhu na uku shi ke zuwa bola, famfas ɗin yara, audugar mata, ledar da ta ɓaci. A ƙulle bakinsa a kai inda aka ware, kuma ka tambayi yaron da ka ba ina yake kaiwa, domin in ka ba shi naira hamsin ya juye a kangon maƙwabci ko a rafi, kai ma kana da kamasho. Reza da allura a zuba cikin gorar roba mai kauri a rufe, fasasshen gilashi a naɗe a kwali a ɗaure, batir kar a jefa a wuta yana fashewa.

Na san za a ce ai aikin gwamnati ne, eh tana da nata kason babba, kuma lungunanmu da yawa mota ba ta iya shiga. Akwai hukumar kare muhalli ta KEPA a jihar nan, mu haɗu da mai unguwa mu je mu nemi wurin zuba shara da ranar kwasa, haƙƙinmu ne. Amma ba wata hukuma da za ta shigo kicin ɗin Hajiya ta raba ɓawon doya da batir. Kuma samari mu daina cewa shara aikin mata ne da almajirai, muna zaune a majalisa daga la'asar zuwa isha muna musun ƙwallo ƙafarmu a kan kwatar da ta toshe. Mu a layinmu mun sa ranar Asabar bayan sallar asuba, mutum shida muka fara da shebur biyu da baro na aro, gorunan da muka tara mun sayar mun saya wa yaron nan safar hannu ta roba da takalmi. Asabar mai zuwa kwalbatin bakin masallaci za mu yashe kafin ruwa ya kankama, duk mai shebur ya fito da shi.