Ranar da Na Sayi Zafi da Kuɗina a Sakkwato

Ciwon bayan da kujerar ofis ta gadar mini ya kai matsayin da idan na yi ruku'u sai na nemi iznin ƙuguna kafin in ɗago. Likitan da na gani ya ce in rage zama, in riƙa tafiya da ƙafa da safe, in kuma riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, ni kuwa na zaɓi shawara ta ƙarshe, domin ita kaɗai ce ba ta bukatar in motsa daga inda nake.

Wani abokin aikina da ya taɓa zuwa Yankari a Jihar Bauchi shi ya cika mini kunne da labarin ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, garau har ana hango yashin ƙasa, kuma ɗuminsa ba ya barin digiri 31 dare da rana, rani da damina, saboda zafin cikin ƙasa ne ke ɗumama shi. Ya ce in ban da biran da ke wawure abincin baƙi, wurin ba shi da aibi. Na lissafa hanyar, daga nan zuwa Gusau, zuwa Funtuwa, zuwa Zariya, alhali ko rabin wahalar ba a ci ba, sai na ga bayan da ya kasa jure kujerar ofis ba zai jure yini guda a mota ba. Ikogosi da ke Jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa, ban ma saka ta a lissafi ba. A nan ne ya rage murya ya gaya mini cewa wani otal a cikin gari ya buɗe ɗakin tururi.

A watan Afrilu muke. Babu magidancin da ke da bakin da zai gaya wa matarsa cewa zai ɗauki kuɗin cefanen mako guda ya je ya sayi zafi a Sakkwato a wannan wata, saboda haka na ce wa uwargida zan je dubiyar wani maras lafiya, wanda idan aka duba da kyau ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Saurayin da ke kula da wurin ya san aikinsa. Ya bayyana mini cewa akwai sauna irin ta mutanen ƙasar Finlan, ɗakin katako mai busasshen zafi da ke kaiwa digiri 80 zuwa 100, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2020, akwai kuma ɗakin tururi mai kama da gidajen wankan Turkiyya da Maroko, wanda shi ne nasu. Cike da alfahari ya ce nasu yana kaiwa digiri 43. Na ce masa, "Samari, motata ta nuna mini 43 a bakin ƙofarku, kuma ba wanda ya karɓi ko kwabo a hannuna." Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, iskar waje busasshiya ce, tana shanye gumi jiki ya huce, ta ciki kuwa cike take da danshi, gumin ba shi da wurin zuwa." Ya tambaye ni ko ina da hawan jini ko ciwon zuciya, ya ce masu irin wannan larura da mata masu ciki sai da iznin likita. Ya ƙara da cewa zafin yana buɗe hanyoyin jini, yana sa zuciya ta ƙara sauri, yana sassauta naman jikin da ya ɗaure, amma kada in wuce minti 15, kuma in sha ruwa kafin in shiga. Ina saurarensa ina tuna Inna, wadda ke tafasa ganyen dogon yaro a tukunya ta lulluɓe mu da bargo mu yi sirace, kyauta, har da ƙarin faɗa a kai.

Na tuɓe, na ɗaura tawul ɗin da suka ba ni, wanda a ganina an auna shi ne da ɗan firamare, na shiga. Ina shiga tabarauna ya rufe da hazo, ban ƙara ganin komai ba sai wata inuwa a kusurwa. Na yi sallama, inuwar ta amsa can cikin maƙogwaro. Ni mutum ne da shiru ke damuna, saboda haka na lalubi benci na zauna na soma zuba: na koka da tsadar wurin, na faɗi dabarar dubiyar da na yi wa uwargida, na kuma ƙara da cewa bincikenta ya yi yawa, kuma ba daga ƙasa ta tsince shi ba, gado ne daga mahaifinta, wanda ko ragon layya ka kai masa sai ya tambayi shekarunsa da sunan mai kiwonsa.

Inuwar ta yi gyaran murya, irin gyaran muryar da na sani tun ranar da aka je nema mini aure. Sannan ta ce, "Malam, ashe kai na?"

Wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da surukinsa ba ya bukatar bayani. Ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba, ban taɓa zama a gabansa babu hula ba, yau ga mu daga ni sai tawul, daga shi sai tawul. Tarbiyya ta ce in durƙusa in gaishe shi, kuma na durƙusa, hannu ɗaya a ƙasa mai santsi, ɗaya yana riƙe da abin da ya rage na mutuncina. Na ce, "Baba, ina wuni, ya iyali?" Ya ce lafiya lau. Na tambayi gona, ya ce gona ta gode. Daga nan magana ta ƙare, sai hucin tururi.

Matsalar ita ce fita. Idan na riga shi, sai na ratsa ta gabansa a wannan shiga, kuma na bar babba a baya. Idan shi ya riga ni, sai ya miƙe ƙirji a buɗe a gaban mijin 'yarsa. Saurayin ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lokaci ya yi. Baba ya ce, "Tashi ka tahi." Na ce, "A'a Baba, sai kun fita." Ya ce shi bai gama ba, alhali ina jin numfashinsa yana fita kamar zugar maƙera. Muka ci gaba da zama, kowa yana jiran kowa, gumi yana kwarara, zuciyata tana bugawa a cikin kunnuwana, harshena ya bushe a ɗakin da ko bangonsa ma jiƙe yake. Da saurayin ya dawo ya ce zai kira manaja, na yanke shawarar sadaukar da kaina, na miƙe zumbur, wanda shi ne ainihin abin da ba a so, domin idan hanyoyin jini sun buɗe kuma ruwan jiki ya ragu, tashi da sauri yana sa jini ya kasa isa kai a kan lokaci.

Na farfaɗo a kan wani benci a waje, an ɗaga ƙafafuna sama, saurayin yana ba ni ruwan gishiri da sukari. A kaina kuwa Baba ne tsaye yana yi mini fifita, sanye da babbar riga da hula, har da agogo, kuma har yau ina zargin cewa sai da ya gama shirinsa tsaf kafin ya duba ko ina numfashi. Ma'aunin da ke wurin ya nuna na rage nauyi, amma saurayin ya ce kada in yi murna, ruwa ne, zai dawo kafin isha'i. Bayan nawa dai, gaskiya, ya saki na 'yan kwanaki.

Ni da Baba muka rabu a wurin ajiye motoci ba tare da mun haɗa ido ba, kuma na koma gida ina ganin asiri ya rufu, tunda na ji daga baya cewa shi ma Wamakko ya ce wa mutanen gidansa zai je duba gona. Bayan sallar Juma'a uwargida ta dawo daga gidansu, ta ajiye mayafi, ta ce, "Baba ya ce in tambaye ka jikin maras lafiyar da ka je dubawa, wai ya ji an ce har suma ya yi."