Laifin Yehoshafat ba zama da maƙwabci ba ne

Wasu 'yan'uwa masu bi a nan Sakkwato suna kafa hujja da labarin Yehoshafat sarkin Yahuza da Ahab sarkin Isra'ila, waɗanda suka haɗa kai suka tafi yaƙi, suna cewa bai kamata Kirista ya haɗa jari da wanda ba addininsu ɗaya ba, ko da buhun albasa ne a Tsohuwar Kasuwa. Wannan fahimtar ta kauce hanya, kuma tana ɓata zumunci a banza.

Ahab Ba'isra'ile ne, surukin Yehoshafat ma. Sarki Sulemanu kuwa ya yi cinikin katako da Hiram sarkin Taya, wanda ba Ba'isra'ile ba ne, da katakon aka gina Haikali. A 2 Tarihi sura 18, laifin Yehoshafat shi ne ya ji gargaɗi da kunnensa, ya wuce. Annabawa 400 sun ce a tafi yaƙi a birnin Ramot-gileyad, annabi Mikaiya kaɗai ya ce Ahab ba zai dawo lafiya ba. Aka mare shi, aka kulle shi. Ahab ya ɓad da kama, amma wani soja ya harba kibiya ba da saiti ba, ta shige ta mahaɗin sulkensa. Da faɗuwar rana ya mutu.

Tsirar Yehoshafat kuwa jinƙai ce zalla. Da abokan gaba suka kewaye shi suna zaton Ahab ne, ya yi kuka, Ubangiji ya kawar da maharan. Amma da ya koma Urushalima, annabi Yehu ɗan Hanani ya tare shi da tsawa kan taimakon mugu. Auren da ya ƙulla da gidan Ahab ya kawo Ataliya, matar ɗansa, wadda daga baya ta karkashe zuriyar sarauta. Jikanta Yowash kaɗai aka ɓoye, shekara 6 a Haikali.