Ranar da D4 Ta Fara Kashe Mini Ido

Motata Honda Accord ce ƙirar 2001, wadda dillalan mota ke kira Baby Boy, ko da yake in shekaru za a bi, yaron nan ya isa a yi masa aure har ya ajiye iyali. Giyarta otomatik ce. Da zan saye ta, dillalin ya rantse mini wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai kasuwa. Tunda nake ban taɓa jin motar sayarwa da ba Hajiya ce ta hau ta ba.

Aiki ya kai ni Abuja na sati uku, na bar ta a rumfar gida kusa da ɗakin ajiya. Washegarin dawowata uwargida ta ɗora mini kai gwaggonninta uku gidan biki a cikin gari. Ka san hidimar surukai: na sa babbar riga, na fesa turare, na buɗe musu ƙofa da kaina.

Tun daga bakin layi na ji motar ta yi nauyi. Na taka totur, inji ya yi gurnani kamar zai tashi sama, ita kuwa tana jan jiki kamar mai ciwon baya. A gaban sitiyari ƴar fitilar nan ta D4, mai nuna giyar da mota take ciki, ta shiga kashe mini ido. Da muka zo hawa gadar Ƙofar Nassarawa, mai adaidaita sahu ya wuce mu, mai keke ɗauke da buhun gawayi shi ma ya wuce mu, har da waiwayowa. Babbar gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, in nauyinmu ne ka faɗa, sai ɗaya ta sauka." Na ce, "Haba Gwaggo, ai saboda ku nake tafiya a hankali." Mun isa an gama rabon abinci.

Da na koma gida, matakin farko da na ɗauka na masu ilimi ne. Na yanko baƙin salatef na liƙe fitilar. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta tashi.

Da safe maƙwabcina, wanda ya taɓa mallakar Camry kuma tun daga nan ya zama malamin mota na unguwa, ya ce man giya ne ya yi ƙasa. Ya ce a bar inji a kunne a zaro sandar awo. Muka zaro, muka ƙura mata ido mu biyu kamar masu duban wata, muka yanke hukuncin cewa mai ya yi kaɗan. Na aiki yaro bakin titi ya sayo jan mai lita ɗaya a gorar da ba ta da suna, na ɗura. Daga baya na gano cewa a irin motata sai inji ya yi zafi an kashe shi, sannan a auna cikin kamar minti ɗaya, a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Mu kuwa mun auna tana kunne, a kan gangaren ƙofar gida. Man bai ragu ba tun farko. Gyaran gangar Abzinawa ke nan: yanzu ga jan jiki, ga kuma in na sa ribas sai ta zabura kamar an tsikari jaki.

Na lallaɓa ta zuwa wajen bakanikena. Dattijo ne da ya koyi aiki a kan Fijo 504, kuma har gobe yana ganin motar da ba ta da kuloci a matsayin motar ragwaye. Ya zagaya ta sau biyu, ya kara kunne, ya shinshina sandar awo, sannan ya cire hula ya sosa kai.

"Yallaɓai, sai haƙuri. Faiba ta ƙone. Giyabos ya tashi daga aiki."

Faiba ita ce faya-fayen da ke kama giya a cikin giyabos. Ya ba ni zaɓi biyu. Ko mu shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa mu ɗauko giyabos ɗan Kwatano, ko ya mayar mini da ita manuwal in huta har abada. Kuɗin da ya kira ya kusa albashina na wata uku. Na ce zan yi shawara da gida, wato zan je in kwanta in kalli silin.

Kwana huɗu ina hawa adaidaita zuwa ofis. A nan wani abokin aiki ya tambaye ni ko an sa mata kwamfuta. Na ce motar da ta girmi wayar salula a ƙasar nan, ina ita ina kwamfuta? Ya yi dariya ya ce duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, kuma ƙiftawar D4 ɗin nan ba kwalliya ba ce, motar ce ke cewa ta rubuta ƙorafi tana jiran mai karantawa. Ban gaya masa zancen salatef ba.

Ya tura ni wajen wani rewaya, yaro ne da gemunsa bai gama haɗewa ba. Raina shi na yi, gaskiya. Ya shiga mota, idonsa ya sauka kan salatef ɗin, ya dube ni.

"Baba, wannan fa?"

"Yara ne," in ji ni.

Ya ɓanɓare shi ya manna a bayan hannunsa, ya jona na'urarsa. Ta nuna P0753. Ya ce wannan lamba ba ta ce komai ya ƙone ba, cewa ta yi wuta ba ta kaiwa ga solonoyid na A yadda ya kamata. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Bai yarda da gyaɗawar ba, ya yi mini bayani: giyar otomatik da matsin mai take aiki, solonoyid kuma ɗan famfo ne na lantarki da ke buɗe wa mai hanya ko ya toshe, bisa umarnin birenbos, wato kwamfutar motar. In birenbos ya yi kira bai ji amsa ba, sai ya tsayar da motar a giya ɗaya don kada a yi ɓarna, ta rarrafa da kai zuwa gareji. Ashe duk abin kunyar da ta ba ni a kan gada, kare kanta take yi daga gare ni.

Sa'ar da na ci, a wannan motar solonoyid ɗin a jikin giyabos yake ta waje, ba sai an sauke komai ba. Ya zare soket ya ɗora mita. Ya ce lafiyayye yana ba da tsakanin om 12 zuwa 25 (ma'aunin turjiyar wuta ke nan), nawa kuma yana ciki. Ya ja waya daga batir ya taɓa masa, muka ji ƙas, ƙas. "Baba, wannan garau yake. Hanya ce ta yanke." Ya bi wayar da yatsa, ya cusa hannu can ƙasan batir, ya tsaya. Sai ya fara zaro kaya: ɓawon gyaɗa cikin tafi, tsumman katifa, da wani yanki na atamfa da na gane nan take, ɗankwalin uwargida ne da aka yi sati biyu ana zargin mai wanki a kansa. A ƙarshe ya nuna mini wayar, an gwaguye ta saura zare ɗaya.

Gyaɗar nan tawa ce. Rabin buhu na sayo a ƙauye na ɓoye a bayan tayar mota don kada yara su gama da ita kafin in dawo.

Yaron ya haɗa wayar da dalma, ya ɓalle salatef ɗina daga bayan hannunsa ya fara naɗe ta da shi, ya ƙara sabo a kai. Ya goge lambar, muka zaga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, tana shiga kamar ana zuba mai a tuwo. Ladansa bai kai kuɗin adaidaitan da na kashe a kwana huɗu ba.

Abin da ya ci kuɗi shi ne aikin hannuna. Man da na ɗura ba nata ba ne, ita na kamfaninta take so, ATF-Z1 ko DW-1 da ya gaje shi. Kuma in an kwance noti, lita biyu da rabi kawai ke fita, sauran yana maƙale a kwambata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos, da lunguna. Sai da aka zubar aka cika, aka zaga, har sau uku, kowane zagaye ina tsaye ina lissafi a zuci. Notin yana da maganaɗisu, ya fito da ɗan baƙin laka kaɗan, babu ɓarɓashin ƙarfe. Faibar da aka yi wa ta'aziyya tana nan da ranta.

Na kai wa uwargida guntun ɗankwalinta ina ta tsine wa ɓera. Ta juya shi a hannu ta ce, "Baban yara, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya kai masa gyaɗa har ɗaki?" Ta kuma sa na je da kaina na ba mai wanki haƙuri, da sabulu sanda biyu.

Na samo kyanwa daga gidan ƙanwata na ajiye a rumfar. Ta zaɓi bonet ya zama gadonta, ta zane fentin da farce. Jiya da asuba na fito zan tafi masallaci, na haska tocila, na tarar da ita tana barci a saman mota, shi kuma yana ƙasa yana cin abincin da ke kwanonta.