Unguwar masu kuɗi ba ta hana ƙwacen jaka a Phnom Penh

Mata da yawa da ke zuwa Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, su kaɗai, suna ɗauka in sun sauka a unguwar 'yan gayu kamar BKK1 ko bakin kogi, shi ke nan sun tsira. Ai can masu ƙwace ke yawan zagayawa, don sun san inda wayoyi masu tsada suke. Su biyu ne a kan babur, na baya ya warce jaka, ko da rana tsaka, ko kina cikin adaidaita sahu. Mafi muni, in igiyar jakar da kika rataya ta ƙi tsinkewa, sai a ja ki a kan kwalta. A mota ki danne jakar tsakanin ƙafafunki, waya kuma kada ki fito da ita a bakin titi.