Gashin Texas ba tsire ba ne, kada a auna su da mudu ɗaya

'Yan uwanmu da suka zo Amurka sukan shiga gidan babikiyu, wato gidan gashin nama irin na Amurkawa, da tsire a ransu, su fito suna cewa naman ya lafce kuma babu yaji. A ganina sun yi masa rashin adalci. Mai tsire yana yanka naman falle-falle, ya burbuɗa masa garin ƙuliƙuli, ya jera a gefen wuta, kafin ka gama gaisawa da mutane ya gasu. Shi kuwa gashin Texas dahuwa ce da hayaƙi, wuta ma ba ta ganin naman.

Abin da mutanen jihar Texas suke tinƙaho da shi ƙirjin sa ne, wanda suke kira biriskit, tsoka guda mai kilo 5 zuwa 7, cike da jijiya. Gishiri da masoro kawai ake shafa mata. Tukunyar gashin doguwar ganga ce, murhun yana maƙale a gefe, zafi da hayaƙi su ratsa ta kan naman su fice ta bututu. Ana riƙe zafin tsakanin digiri 110 da 135 na Salsiyas tsawon awa 12 zuwa 16, da busasshen itacen oak, wani itace mai tauri. Hayaƙin ya zama siriri mai shuɗi-shuɗi. Idan ya yi fari ya murtuke, to itacen ɗanye ne ko iska ba ta isa murhu, naman kuma zai yi ɗaci.

Inda sabon shiga ke faɗuwa shi ne lokacin da cikin naman ya kai wajen digiri 70. Sai zafin ya tsaya cik na awanni, domin ruwan da ke tsattsafowa yana sanyaya shi kamar gumi. Mai gaggawa sai ya ƙara wuta, saman naman ya ƙone, cikin yana nan da tauri. Gwanaye naɗe shi suke yi da takardar mahauta su bar shi ya haura zuwa 95, inda jijiyar ke narkewa. Daga nan ya huta aƙalla awa guda, a yanka shi a gicciye da zaren tsoka, kaurin fensir. Kusan rabin nauyin yana tafiya a kitsen da aka rage da ruwan da ya fita, shi ya sa tsadar.

Wannan salo ya dace da shanunsu masu cin hatsi a ɗaure, kitse ya ratsa tsoka. Bijimin da ya tako daga Maraɗi zuwa Kano, ka ba shi awa 14 a hayaƙi, igiya za ka ciro. Yanka falle-falle da man gyaɗa shi ne maganin naman da ba kitse, mahautanmu ba su yi kuskure ba.

Wajen mahaɗi ne ban ba su maki ba. Miyar da ake shafa wa gashi a birnin Kansas City zaƙinta ya yi yawa, ga yankan burodi fari da kokwamba mai tsami. Yajin tsire da ɗanyar albasa sun fi wanke kitse a baki. Amma waken nan mai baƙin ido da soyayyar kuɓewa, ɗan Afirka ta Yamma zai gane su, daga can suka tsallako zamanin cinikin bayi.

Musulmi ya yi tambaya kafin ya zauna. A Carolina da Memphis kalmar babikiyu kanta alade take nufi galibi. Ko a Texas, ganyen kolad, ɗan uwan kabeji, da ƙafar alade ake dafa shi, wake da naman alade mai gishiri, burodin masara wani lokaci da kitsensa, tsiren hanji na naman sa ma sau da yawa a hanjin alade ake ɗura shi. Ganga ɗaya ce, haƙarƙarin alade na iya ɗiga kan ƙirjin sa. A Houston da Dallas akwai masu gashin halal, kuma naman kan ƙare, don haka a je da wuri.